Ranar da Na Riƙe wa Tsohon Kuku Kiɗa

Komai zan iya mantawa a duniya ban da wata Alhamis da na zauna a kan buhun siminti a tsakiyar teku, da jitar wani mamaci a cinyata, mutanen unguwarmu suna yi mini ihu in nuna musu abin da na iya, ni kuwa na ƙi. Yau na tsufa, sunayen jikokina ma sai na kira uku kafin in dace da wanda nake nufi, amma wannan rana tana nan daram a kaina, har da warin kifi da na man inji.

A Karantina aka haife ni, kudancin Jidda. Kakannina da ƙafa suka zo hajji, suka ga wuri suka zauna. A lokacin da nake ba ku labari ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina dako a mina, wato tashar jiragen ruwa, a ƙarƙashin kawuna ƙanen mahaifiyata, wanda shi ne rayyis, wato shugaban ƙungiyarmu. Zamanin ne da gine-gine suka tashi a Jidda gadan-gadan, jirage suka yi wa tasha yawa, har wani jirgin sai ya yi wata biyu a can cikin ruwa bai samu wurin tsayawa ba. Irin waɗannan a can ake sauke su. Da safe ƙaramin jirgin inji ya kai mu, mu yi ta loda kaya a kan sandal, wani faffaɗan jirgin ƙarfe marar inji da ake ja zuwa gaɓa. In ya cika aka ja shi, sai mu zauna jiran wani, wani lokaci awa uku, wani lokaci har la'asar.

Wannan aikin rana ke nan. Sunan da nake taƙama da shi kuwa a filin mizmar na yi shi, rawar sandan nan ta mutanen Hijaz da mu 'yan Takari muka riƙe ta kamar da ita aka haife mu. Ni ke buga nagrazan, ƙaramar ganga mai kaifin murya da ake kaɗawa da sanduna biyu. Ƙa'idar kiɗanmu kowa ya san ta: a fara a hankali, tafi ya kankama, fili ya ɗauki zafi, makaɗi ya ƙara wuta, ya ƙara, ya ƙara, har sai masu rawa sun jiƙe sharkaf. Makaɗin da ya ƙare kiɗa yadda ya fara shi, ba a sake gayyatarsa. Ni kuwa, ba yabon kai ba, to ko da yake yabon kan ne, a Karantina kaf babu mai saurin hannuna.

Jirgin da aka ba mu na Faransawa ne, ya ɗauko siminti. A rana ta uku, mun idar da azahar muna kwance a inuwa muna jiran sandal, sai na ji wani kiɗa daga bayan kicin. Ban taɓa jin irinsa ba. Ba molo ba ne, ba udu na Larabawa ba ne. Tsirkiya ce ta ƙarfe tana gudu tana lanƙwasa, ta yi dariya ta yi kuka a numfashi ɗaya. Kafin in san abin da nake yi na miƙe na bi sautin. Na tarar da kukun jirgin, wani tsoho mai duhun fata da farin gashin baki, yana zaune a kan akwatin albasa da wata jita mai ɗan ƙaramin rami kamar ƙwai. Yana kiɗa yana buga ƙafa, amma sai ya kai tsakiya ya tsaya ya yi tsaki, ya sake daga farko.

Ni da rawar kai, sai na jawo bokiti na kife shi na shiga yi masa rakiya. Duk wata gwaninta da na sani sai da na zube masa ita a kan bokitin nan. Tsoho ya tsaya ya dube ni, ya yi dariya har da tari, ya kaɗa yatsa ya ce, “La, la, la,” wato a'a da Larabci. Ya shiga ciki ya fito da wata jitar ta biyu, ya goge ta da gefen rigarsa, ya ɗora mini a cinya.

Larabcinsa na tashoshi ne, guntu-guntu, don haka na kira wani dattijo a ƙungiyarmu, mutumin Damagaram, wanda ya yi aiki da Faransawa kafin ya zo hajji. Shi ya zama tafintanmu. Ta bakinsa na ji cewa tsohon nan ba Bafaranshe ba ne irin su kyaftin. Mutanensa Manush suke kiran kansu, su ne Larabawa ke ce wa Gajar, masu yawo gari-gari da keken doki kamar yadda Fulani ke yawo da shanu. Kiɗan kuma jaz ne irin nasu, kuma ba a yin sa da jita ɗaya. Ɗaya tana magana, ɗaya tana riƙe mata ƙasa. Jitar da ke cinyata ta ƙanensa ce, wanda ya riƙe masa ƙasa tun suna samari har ya rasu.

“Ya ce aikin mai riƙewa sunansa la pomp,” in ji Badamagare. “Famfo ke nan.”

Tsoho ya ja hannuna zuwa bayan jirgi inda akwai famfon hannu na kwashe ruwa. Ya sa ni na kama na yi ta bugawa, sama, ƙasa, sama, ƙasa, yana tafa mini. Ya yi magana, Badamagare ya kwashe da dariya.

“Ya ce famfo ba ya murna, ba ya fushi. Haka yake so ka zama.”

Na ce a raina, wannan ai wasan yara ne, kwana biyu ya ishe ni. Allah Sarki ƙuruciya!

Ya ba ni risha, ɗan abin da ake kaɗa tsirkiya da shi, mai kauri na ƙaho. Ya lanƙwasa mini wuyan hannun dama, ya hana ni jingina shi a jikin jita, ya ce in sake shi ya yi laushi. Badamagare ya fassara da cewa in yi kamar ina yarfe ruwa bayan alwala, kuma wallahi fassarar ta fi maganar. Bugu huɗu ne ake ta maimaitawa. Na ɗaya da na uku a ja su da ɗan nauyi su yi gurnani, na biyu da na huɗu a mare su gajere. Hannun hagu kuwa ya danna tsirkiyoyi ya saki nan take, don sautin ya mutu kafin na gaba ya zo. Rum, cak, rum, cak. Shi ke nan fa. Mako guda cur ina kan riƙo ɗaya na yatsu, bai ƙara mini na biyu ba. In na ɗan saka ado, ko 'yar ƙwarya-ƙwaryar amsa irin wadda muke yi wa mai waƙa, sai ya ƙwanƙwashe mini gwiwa da ludayi.

Tsirkiyar ƙarfe da hannun da ya wuni cikin siminti ba sa shiri. Kan yatsuna suka tsage, in na danna sai na ga taurari. Mahaifiyata ta gani, ta yi ta faɗa, ta ce, “Kai da aka aika dako, mene ne haɗinka da garayar Nasara?” Tana faɗan tana kwaɓa lalle. Ta ƙunsa mini kan yatsu huɗu don fata ta yi tauri, washegari na tafi aiki da jajayen yatsu. Abokan aiki suka samu abin yi, kowa ya gan ni sai ya tambaye ni yaushe ne ɗaurin auren, kuma wa ya yi sa'ar samuna.

Ban damu ba, don a mako na uku abin ya faɗa. Muna zaune a bayan kicin, ina ta rum cak ɗina, ya ƙara mini riƙo uku ina juya su, sai kawai na ji hannuna ya daina yin gardama. Wuyan hannu ya saki, sautin ya fito a bushe, a dunƙule. Tsoho ya ɗaga gira, ya gyara zama, ya hau kai. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba! Kiɗan da nake ji yana yankewa a tsakiya, yau ga shi yana tafiya a kan hannuna, yana hawa yana sauka, ya yi nisa kamar ya ɓace sai ya dawo ya same ni daidai inda ya bar ni. Tsigar jikina ta tashi. Na ji kamar in yi ihu, na kuwa yi. A ranar, da aka zo kiran mu lodi, sai da kawu ya aiko sau uku.

To amma daɗin nan shi ne ya tono cutata. Da zarar kiɗa ya yi daɗi, sai jinin mizmar ya motsa, hannuna ya fara ƙara wuta ba tare da na sani ba. Tsoho ya yi ta fama. Ya kai ni ƙofar ɗakin janareto ya ce in bi bugun injin, na bi lafiya lau. Muna dawowa muka fara kiɗa, ya yi wani juyi mai daɗi, sai ga ni na sake tsere. A wurina ai girmamawa ce. In gwani ya burge ka, ka ƙara masa wuta, haka aka koya mini tun ina goye.

Wata rana na yi masa mai gaba ɗaya. Kiɗa ya kai inda ya kai, na manta da kaina, na yi ta ingiza shi. Sai na ji tsirkiyarsa ta yi tuntuɓe, ta sake yi, sannan ta yi shiru. Na ɗaga kai ina dariya, na ga shi ba dariya yake ba. Yana kallon hannunsa na hagu. A ranar na fara lura da yatsun nan da kyau: gaɓoɓin duk sun kumbura, suna ɗan rawa. Ashe ruwan ɗumin da nake ganin yana tsoma hannu a ciki kafin mu fara ba na wanke-wanke ba ne. Ya ajiye jita ya shige kicin. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina.

Kwana biyu bai fito da jita ba. A na uku ya kira Badamagare, ya yi magana mai tsawo yana kallon ruwa.

“Ya ce wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe, in sun koma za a sallame shi,” in ji Badamagare. “Yaran jirgin nan ba su san shi da komai ba sai tuƙa miya. In ya ce musu ya taɓa cika ɗakin rawa da kiɗa, dariya suke yi. Ran Alhamis za a gama sauke kaya, kyaftin ya yarda a yi walima, yana so su ji shi sau ɗaya. Amma hannunsa yana da iyaka. In ka wuce ta, zai faɗi a gabansu. Ya ce in ka san za ka gudu, ka faɗa masa yanzu, ya haƙura.”

Na dafa ƙirji na ce, “Ce masa wallahi ba zan gudu ba.”

Na yi rantsuwar da zuciya ɗaya, sai dai na riga na yi wata wautar. Tun mako biyu kafin nan na cika Karantina da labari. Duk mai shayin da na zauna wurinsa sai da ya ji cewa na ƙware a kiɗan Turawa, har wani gwaninsu ya ce bai taɓa ganin hannu irin nawa ba. Saboda haka ran Alhamis da safe, jirgin injin da ya saba ɗaukar mu goma sha biyu sai ga shi ya ɗauko kusan ashirin. Abokan mizmar ɗina duk sun zama 'yan dako na kwana ɗaya. Wani har da sandarsa.

Muka gama lodin ƙarshe kafin azahar. Aka ja rumfar tamfol, tsoho ya fito da shinkafa da kifi irin na Jidda da ya koya wurin masunta, aka ci aka yi nak. Ma'aikatan jirgi suka zauna gefe ɗaya da kyaftin ɗinsu, mutanenmu gefe ɗaya. Tsoho ya fito ya sa farar riga da wani jan ƙyalle a wuya, yaran jirgi suka yi masa fito na tsokana. Ya zauna a akwatinsa, ni a kan wani fasasshen buhun siminti da aka bari. Ya buga ƙafa sau huɗu, na shiga.

Farkon abin lafiya. Rum, cak, rum, cak. Ya hau a hankali, yana taka tsirkiya kamar mai gwada ƙarfin tsani. Yaran jirgi suka daina fito. Wani da ya kai kofin shayi baki ya tsaya da shi a haka. Na ji daɗi ya fara cika mini ciki.

Sai mutanena suka shiga da tafi.

Wanda bai san tafin mizmar ba ba zai gane ba. Ba tafi ɗaya ba ne, kashi biyu ake rabuwa, waɗannan su buga waɗancan su cike tsakani, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, gaba yake yi. Cikin ɗan lokaci suka fara ja na. Kawu ya miƙe tsaye, rawaninsa a kafaɗa, ya ɗaga murya, Larabci da Hausa a gauraye kamar yadda muka saba.

“Yalla ya walad! Nuna musu ɗan wane ne kai! Ina hannun? Ƙara wuta!”

Wani abokina ya ce, “Ishbak, ya shekh? Barci kake yi? Saki hannu mana!”

Wallahi hannuna ƙaiƙayi yake yi. Duk jikina ya san abin da ake nema, kuma na san in na saki, cikin minti ɗaya zan tashi wurin nan, a koma Karantina ana labarina har wata guda. Ban ma san na fara matsawa ba sai da na dubi tsoho. Ya daina murmushi. Ya cije leɓe, gumi yana bin gashin bakinsa, idonsa a kan yatsunsa. Ya tsallake wani juyi da na san yana so, don ba zai kai ba. Bai dube ni ba, bai roƙe ni ba, shi dai yana ta ƙoƙarin kamo ni.

Na sunkuyar da kai na kafa ido a kan takalminsa. Na ja hannuna baya da kaɗan-kaɗan har ya dawo daidai da bugun ƙafar nan, na tsaya a nan. Wutar da ke cina, maimakon in zuba ta a sauri, sai na zuba ta a mari na biyu da na huɗu. Cak! Cak! Masu tafi suna ja gaba, ni ina nan. Suka ƙara, ina nan. Mutum kusan ashirin da hannu arba'in, ni kaɗai da guntun ƙaho. Ban taɓa ɗaukar buhun da ya kai wannan nauyi ba. Kawu yana ta kiran sunan kakana yana cewa na ba da su, ni ko ɗaga kai ban yi ba.

Tafin ya rikice, ya watse, don ba shi da abin da zai hau. Aka yi ɗan shiru, sai ni da tsoho. Can sai na ji tafi guda ɗaya, a hankali, daidai kan marina. Badamagare ne. Wani ya bi shi, wani ya bi, yaran jirgi suka shiga, har mutanena suka haƙura suka bi sahu.

Nan fa tsoho ya tashi sama! Kafaɗunsa suka sauka, ya rufe ido, yatsun nan masu kumburi suka shiga yawo a wuyan jita tun daga sama har ƙasa. Juyin da ya tsallake ɗazu ya dawo ya yi shi, ya sake yi da ƙari. Ya yi wata karkarwa da risha da ta sa wani Bafaranshe ya dafe kai ya yi ƙara. Wani ƙato mai aikin inji ya jawo ɗan'uwansa suka shiga rawa, abokina mai sanda ya kasa daurewa ya faɗa fili shi ma yana juya ta a hankali, abin da ban taɓa ganin an yi ba. Kyaftin da kansa yana buga tebur. Ni kuwa ina ƙasa, rum cak, rum cak, hawaye na zuba ina dariya, ban matsa ko taki ɗaya ba har ya ɗaga wuyan jita ya ba ni alama muka tsaya tare, tsit.

Yaran jirgi suka yi kansa, suka ɗaga shi sama da akwatin albasar gaba ɗaya. Ni ko kallo ban ishe su ba. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya sosa mini rai. Kawu ya zo ya tsaya a kaina yana girgiza kai.

“Yanzu mako shida abin da kake koya ke nan? Mutane sun bar aikinsu sun zo ganin makaɗi, sai suka tarar da tela da kekensa. Tsoho ya yi kiɗa, kai kuwa halas, ka yi ta sussuka.”

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Ina nan zaune sai ga tsoho ya ratso mutane, ya jawo Badamagare da hannu. Ya karɓi jitar ƙanensa daga cinyata, ya goge ta. Sannan ya kama wuyan hannuna na dama ya riƙe, ya yi magana gajera. Badamagare ya juyo gare ni.

“Ya ce tun da ƙanensa ya rasu, duk sanda ya ɗauki jita da tsoro yake ɗauka. Ya ce yau bai ji tsoro ba.”

Ran Asabar jirgin ya ɗaga. Ban sake ganin sa ba, ban kuma san sanda ya bar duniya ba. A Karantina an yi shekaru ana kira na tela, kuma duk wanda ya kira amsawa nake yi.

Kafin wannan rana, a ganina gwani shi ne wanda aka fi ji. A kan buhun simintin nan na gane akwai aikin da in ka yi shi daidai, wani za a ɗaga sama, kai a bar ka a zaune, kuma naka mutanen ne za su fara yi maka dariya. Na yi kiɗa a gaban dubban mutane bayan nan, an yi mini liƙi, an yi mini kirari. Babu ko ɗaya da zan musanya da tsoho guda da ya dogara da hannuna ban kayar da shi ba.